Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Yanka Abin Da Ka Gani?



Maganarmu ta wannan mako a kan bidiyo ce: yadda ake yanka shi, yadda ake kwafarsa, da abin da ke salwanta tsakanin yanka da kwafi. Wani zai ce ina ruwan mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da wannan, alhali abin da ya dame shi ya je gona ya dawo lafiya? A ganina akwai ruwansa ƙwarai. A yankinmu yanzu bidiyo shi ne jarida, shi ne shaida, ga wasu iyalai ma shi kaɗai ya rage musu na gidan da suka baro. Abin da ya kai wannan matsayi bai kamata kowa ya riƙa sa masa almakashi yadda ya ga dama ba.

Waɗanda suka yi wayo kafin zuwan babbar waya sun san mai bidiyo. Shi ake ɗaukowa, wani lokaci tun daga Funtuwa ko Malumfashi, in ana biki ko saukar karatu ko naɗin sarauta ko taron siyasa. Ya zo da kyamara a kafaɗa, da yaro mai riƙe masa fitila, a tayar da janareto. Bayan 'yan kwanaki ya kawo kaset. Da zamani ya juya sai aka koma faifai, na sidi tukuna, sannan na DVD. Tsakanin ɗauka da kawowa akwai aikin da yawancinmu ba mu taɓa gani ba, wato tacewa: a cire inda kyamara ta kalli ƙasa, a cire inda wuta ta ɗauke, a jera sauran, a zuba a faifai. Masu hali suna yi da kwamfuta. Wasu kuma da rikodar DVD suke yi, wata na'ura mai kama da abin kallon faifai, sai dai ita tana iya naɗa. Kamfanin Pioneer na Japan ne ya fara fitar da irinta kasuwa a ƙarshen 1999, daga baya su Panasonic da Sony da LG suka biyo baya, wasu har da rumbun ajiya a ciki.

Duk wanda ya yi aiki da wannan na'ura ta koya masa abu uku, ko yana so ko ba ya so.

Na farko, ba lallai ta yanka daidai inda ka nuna mata ba. Ga dalili. Bidiyo irin namu na Najeriya hotuna 25 ne suke wucewa a kowane sakan. Da za a ajiye kowane hoto cikakke, faifai ba zai ɗauki ko rabin awa ba. Saboda haka tsarin da DVD ke amfani da shi, wanda ake kira MPEG-2, dabara yake yi: ya ajiye hoto ɗaya cikakke, waɗanda ke biye da shi kuma ya ajiye bambancinsu kawai, ya ce hannu ya motsa nan, kai ya juya can. Sai bayan hotuna kamar 12 zuwa 15 ya sake ajiye wani cikakke. Ke nan bidiyon damma-damma ne, kowane dami kusan rabin sakan, kuma duk 'yan damin sun dogara da babbansu. In ka yanka a tsakiyar dami, sannan ka ce a zuba maka a faifai da sauri ba tare da an taɓa ingancin hoto ba, sai na'urar ta matsar da yankan zuwa bakin dami. Ka tashi da ragowar abin da ka so cirewa, ko kuma ka rasa farkon abin da ka so bari. In kuwa ka dage sai an yanka daidai wurin, dole ta sake naɗar bidiyon gaba ɗaya a hankali, awa biyu na kallo awa biyu na jira, hoton kuma ya ragu. Akwai wani tsarin naɗa da ake kira VR mai yarda a yanka daidai hoto, amma faifan da aka yi da shi da yawa daga na'urorin kallo na gida ba sa karanta shi.

Na biyu, duk sake naɗa ragi ne. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, wato kimanin awa biyu na hoto mai kyau. In mai biki ya ce sai an cusa masa kamu da ɗaurin aure da walima duk a faifai ɗaya don kada ya biya kuɗin uku, za a cusa awa huɗu ko shida, amma fuskoki su dusashe, zanen atamfa ya koma tabo-tabo. Masu kaset sun riga kowa sanin wannan: kwafin kwafin kwafi sai ka ga mutane kamar a cikin hazo.

Na uku, akwai rufe faifai. Bayan an gama naɗa sai an umarci na'ura ta kammala shi, ta rubuta masa jadawalin abin da ke ciki. In aka manta, faifan zai yi a na'urar da ta naɗe shi, amma a kai shi gida ya ƙi. Mutane da yawa sun jefar da irin wannan faifai suna zaton ya lalace, alhali bikin nasu yana ciki lafiya lau.

Saboda waɗannan abubuwa ne mai bidiyo na ƙwarai yake da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa: ba a taɓa uwar kaset. A yanka kwafi, a yi wa kwafi ado da furanni da waƙa, amma asalin abin da kyamara ta ɗauka a ajiye shi yadda yake. In an yi gardama, ko faifai ya karce, akwai inda za a koma.

Yau rikodar DVD ta zama tarihi. Kowa na da kyamara da almakashi a aljihunsa. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai yanka bidiyo a CapCut ya fi mai shagon da iyawa, kuma waya tana yanka daidai inda aka nuna mata. Abin da muka yar a hanya shi ne waccan ƙa'ida ta uwar kaset. Da na'ura ce ke kuskuren rabin sakan, mai ita yana jin haushi. Yanzu mutum ne ke cire rabin sakan da gangan, ya goge asalin, ya tura.

Kada a raina rabin sakan, musamman a Hausa. Harshenmu a gefen jimla yake ajiye korewa, daidai inda almakashi ke sauka. Dattijo ya tashi a taro ya ce, "Ba mu amince da wannan sulhu ba." Cire "ba" ta farko da "ba" ta ƙarshe, me ya rage? "Mu amince da wannan sulhu." Mai gari ya ce, "Kada ku koma ƙauyen nan yanzu." Cire "kada", ya zama shi ne ya ce a koma. Malami yana kawo maganar wasu don ya warware ta, ya fara da "suna cewa", a cire wannan a bar sauran, gobe a wayi gari ana tsine masa a kan abin da ya tsaya yana rushewa. Muryarsa ce, fuskarsa ce, ba a ƙara masa ko harafi ba, amma an yi masa ƙarya. A yankin da maganar sulhu da 'yan bindiga ta raba kan jama'a tun zagayen da Gwamna Aminu Bello Masari ya yi a 2019 har zuwa tarukan da aka yi a wasu ƙananan hukumominmu a 2025, irin wannan yanka na iya sa a kira mutum infoma. Mu kuwa mun san abin da wannan kalma ke jawowa a nan.

Mu tuna abin da ya faru a garin Ƙanƙara. Daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati. Bayan 'yan kwanaki aka ji saƙon murya da aka danganta ga Abubakar Shekau yana cewa su ne suka yi. Ranar 17 ga wata bidiyo ya fito ɗauke da tambarin Boko Haram, ga yara a daji, ɗaya daga cikinsu yana magana. A daren ranar gwamnati ta sanar da sakin yara 344. Gwamnatin jiha ta tsaya a kan cewa 'yan bindigar daji ne suka yi aikin, daga baya kuma sunan Auwalun Daudawa ya fito a matsayin jagoran satar. Abin lura a nan shi ne bidiyon kashi biyu ne. Akwai abin da kyamara ta gani, wato yaran da dajin, wannan ya tabbatar wa iyaye cewa 'ya'yansu na raye. Akwai kuma abin da mai tacewa ya ɗora, wato tambarin, wannan iƙirari ne kawai, kowa na iya manna shi. Mai kallo da bai iya raba waɗannan biyun ba, duk abin da aka ɗora masa zai haɗiye a matsayin abin da ya gani da idonsa.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A rikicin Filato na watan Yunin 2018, binciken BBC ya gano cewa wasu hotunan da suka yaɗu a Facebook suka tunzura mutane ba na Filato ba ne, akwai wanda ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba. A wannan shekarar dai wani bidiyo ya fito na sojoji suna harbe mata biyu da ƙananan yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara da cewa ƙarya ne, wasu suka ce a Mali aka yi. Masu bincike suka zauna suka auna tsaunukan da ke bayan hoton, da gine-gine, da inuwar mutane, har suka nuna wurin a arewacin Kamaru. A 2020 kotun soja ta ɗaure wasu daga cikin sojojin. Me ya ba da damar haka? Bidiyon yana da tsawo, kyamara ta nuna gefe da gefe. Da wani ya yanke shi ya bar wurin harbin kawai don ya fi tayar da hankali, da tsaunukan sun tafi, shaidar ta bi su. Abin da mai yanka ke ɗauka shara, sau da yawa shi ne hujjar.

Ko a dokar ƙasarmu haka abin yake. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi abin da ya fito daga kwamfuta ko waya a kotu, amma sai an yi bayanin na'urar da ta samar da shi da yadda aka samar. Guntun bidiyon da ya bi ta wayoyi arba'in, WhatsApp ya matse shi, aka ɗora masa rubutu da kuka da sautin wa'azi, wa zai tsaya ya rantse a kan asalinsa? Malaman hadisi tun tuni suka gane cewa labari ba ya tsayuwa sai an san wa ya ji daga wa. Mu da muka taso a kan wannan tarbiyya bai dace a ce bidiyo marar uwa marar uba ne ke juya mu ba.

Na san akwai masu cewa wannan duk maganar 'yan birni ce. Data tsada gare ta, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, wa zai tura bidiyon minti ashirin daga ƙauyen Sabuwa? Kuma in ba a yanko wurin da ya fi zafi ba, wa zai kalla, wace hukuma za ta motsa? Wannan magana tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Sau da yawa guntun bidiyo ne ya sa duniya ta san an kai hari a wurin da babu ɗan jarida ko ɗaya. Akwai ma abin da ya fi wannan: wani lokaci yankewa wajibi ce. Fuskar wanda ya ba da labari, gawar da ba a suturta ba, matar da aka ci wa mutunci, yaron da aka sako daga daji, duk waɗannan haƙƙinsu ne a rufa musu asiri. Don haka ban ce kada a yanka ba. Cewa na yi a yanka kwafi a bar uwa. Wanda ya tura guntu ya faɗa cewa guntu ne, ya faɗi gari da rana, kuma cikakken ya kasance a hannun wani amintacce. Wanda ya ga ajiye irin wannan a wayarsa hatsari ne gare shi a kan hanya, ya sauke shi a memori ya ba wani ajiya kafin ya goge. Rai ya fi bidiyo, amma ana iya tsare duka biyun.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda ya fi damuna domin shi ba ya ƙara, a hankali yake tafiya. Cikin akwatuna da ƙarƙashin gadaje a gidajenmu akwai kasusuwa da faya-fayan da aka naɗa shekara goma sha biyar, ashirin, har talatin da suka wuce. Mai su yana ganin bikin ƙanwarsa ne kawai. Amma a bayan amarya akwai ƙauyen da yanzu ba kowa a cikinsa. Akwai rumbuna a tsaye, akwai kasuwa a cike, akwai shanu suna dawowa da yamma. Akwai Bahaushe da Bafulatani zaune a tabarma ɗaya suna cin tuwon biki, abin da yaron da aka haifa a 2015 zai yi wuya ya yarda an taɓa yi in ba a nuna masa ba. Akwai dattawan da suka san iyakar kowace gona, suna magana da bakinsu. Ranar da Allah ya kawo zaman lafiya aka fara komawa, aka fara gardamar wane fili na wane ne, za a nemi irin waɗannan faya-fayai ido rufe.

Su kuwa ba jira suke ba. Faifan da aka naɗa a shago ba irin na kamfani ba ne da ake bugawa da inji. Wani rini ne a cikinsa wanda hasken na'ura ke ƙonawa ya bar alama, kuma zafi da rana da damshi suna cin wannan rini. Faifan da ya sha zafin Afrilu a ɗakin kwano shekara da shekaru, yau ya yi, gobe ya fara tsayawa, jibi na'ura ta ce ba ta gan shi ba. Kaset kuma yana yin fumfuna, zarensa ya manne. Ko yana da lafiya, ina na'urar? Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera abin kallon kaset na VHS, ya daina tun 2016. Kwamfutocin hannu na yanzu yawancinsu ba su da ma wurin sa faifai. Ke nan abu biyu ke ƙarewa tare, faifan da kuma abin karanta shi.

Kada kuma wani ya ce ai ya sa a Facebook, ya huta. Shafi ana rufe shi, ana sace shi, mai shi yana rasuwa da lambar sirrinsa. A 2017 YouTube ya goge ɗimbin bidiyoyin yaƙin Siriya saboda na'urarsa ta ɗauke su a matsayin masu tayar da hankali, ciki har da waɗanda masu kare haƙƙin ɗan Adam ke tarawa don shaida. Mu ma nan mun ɗanɗana: a watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi da dama na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni. A lokacin duk abin da ba ya cikin wayarka ko memorinka, kamar ba ka da shi ne.

To me za a yi? Abin ba ya buƙatar kwangila ko kwamiti. Wanda ke da tsohon faifai ya fito da shi a wannan watan. In da datti a goge shi da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. A kai wa mai kwamfutar da ke da wurin sa faifai, a ce ya kwafe jakar da ke ciki mai suna VIDEO_TS gaba ɗayanta yadda take. Wannan kwafi ne da ba ya rage komai. Bayan nan in ana so a mayar da shi ƙarami don waya sai a yi, amma babban ya zauna. Ɗaukar fuskar talabijin da waya ba kwafi ba ne, sai in babu wata hanya. Faifan da ya ƙi yi kada a yar, wataƙila rufe shi ne ba a yi ba, kuma akwai manhajojin kwamfuta da ke iya ciro abin da ke cikin irinsa. A yi kwafi uku, kada duka su zauna a abu iri ɗaya, ɗaya kuma ya kasance a wani gari, wajen ɗan uwa a Katsina ko Zariya ko Kano. Memori da filas na jabu sun yi yawa a kasuwa, saboda haka bayan an zuba a buɗe a kalla har ƙarshe kafin a ce an gama. In za a tura asali ta WhatsApp, a bi ta wurin tura fayil, domin ta nan ba ya matse shi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, kuma ba ya cin ko kwabo: a rubuta. Wane gari, wace shekara, bikin wa, su wane ne a ciki. A zaunar da tsohuwa a gaban bidiyon tana faɗin sunaye ana rubutawa, tun tana nan. Bidiyon da ba a san garinsa da shekararsa ba, shi ne gobe wani zai ɗauka ya ce jiya aka yi a Faskari.

Ga 'yan uwanmu masu shagon turi da masu ɗaukar biki, wannan sana'a ce a gabanku. Kun fi kowa sanin inda tsofaffin na'urori suke, wasunku ma har yanzu uwayen kasusuwan mutane na ajiye a shagunanku. Ku nemi masu su kafin ku share rumbu don samun wuri. Mu kuma masu turawa a zauruka, kafin yatsa ya taɓa, mu tambayi wanda ya turo mana abu uku: a ina, yaushe, ina cikakken? In ba shi da amsa, bidiyon ya tsaya a kanmu. Kakanninmu da suka ce gani ya kori ji, da idonsu suke gani, babu wani a tsakani. Mu kuwa kullum akwai hannun wani tsakanin idonmu da abin da ya faru, ya kamata mu san hannun wane ne.

Wanda ya san mai na'urar kaset ko ta faifai da ke aiki har yanzu a Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa ko Funtuwa, ya taimaka ya sanar da jama'a, a amfana. Allah ya zaunar da yankinmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.